Barbados: Cin abinci a waje da hirar dare a tsibirin kifi mai fiffike

Barbados ƙaramin tsibiri ne da ke ƙuryar gabashin yankin Karibiyan, tekun Atlantika ya kewaye shi ta kowace fuska. Tsawonsa kilomita 34, faɗinsa kilomita 23, mutanensa kuma ba su kai dubu 300 ba. Turawan Ingila sun kafa zango a cikinsa a 1627, daga baya suka mayar da shi gonar rake da gumin bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma. Ya samu 'yancin kai ranar 30 ga Nuwamba, 1966, ya kuma zama jamhuriya a rana irin wannan a 2021. A yau noman rake ya ja da baya, baƙi masu yawon buɗe ido ne ke riƙe da tattalin arzikin ƙasar. Saboda haka ciyar da baƙo da ɗebe masa kewa bayan faɗuwar rana babbar sana'a ce a can.

Barbados na cikin ƙasashe ƙalilan da mai fasfo ɗin Najeriya ke shiga ba tare da biza ba, ko da yake wanda zai yada zango a Ingila ko Amurka sai ya cika sharuɗɗan wucewa ta ƙasashen. A Bridgetown, babban birnin ƙasar, aka gudanar da taron farko na kasuwanci da zuba jari tsakanin Afirka da Karibiyan a watan Satumban 2022, sannan bankin Afreximbank ya buɗe ofishinsa na yankin a birnin a 2023. Ke nan ba masu hutu kaɗai ke sauka a tsibirin ba, har da 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati. Ko wane ne daga cikinsu, idan yamma ta yi tambayoyin ba su wuce uku ba: ina za a je, me za a ci, nawa kuma za a biya?

Lokaci da kuɗi

Agogon Barbados yana bayan na Najeriya da awa biyar. Tsibirin yana kan layi ɗaya da Sakkwato da Katsina a taswirar duniya, don haka tsawon yini da dare bai bambanta da namu ba. Rana kan faɗi tsakanin ƙarfe 5:30 da 6:30 na yamma a duk tsawon shekara, duhu kuma ba ya jinkiri. Ana fara cin abincin dare tun daga ƙarfe 6:30, yawancin gidajen abinci kan daina karɓar oda da misalin ƙarfe 10, gidajen rawa kuwa ba sa cika sai dare ya raba ko kusa da haka.

Kuɗin ƙasar shi ne dalar Barbados, wadda tun 1975 aka ɗaure ta a kan biyu ga dalar Amurka ɗaya. Ana karɓar takardun dalar Amurka kusan ko'ina, amma canji da kuɗin gida za a bayar. Ya kamata baƙo ya tabbatar da wace dala ake nufi a takardar jerin abinci, domin wasu otal-otal da dalar Amurka suke rubuta farashi, kuma kuskure a nan ninki biyu ne.

Abinci yana da tsada a tsibirin, saboda mafi yawan abin da ake ci daga waje ake shigo da shi. Bayan harajin kayayyaki, manyan gidajen abinci kan ɗora kuɗin hidima na kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a kan rasit. Inda aka ɗora shi, tukuici ganin dama ne. Farashi ya fi tashi daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Afrilu, lokacin da mutanen Ingila da Kanada da Amurka ke gudun sanyin ƙasashensu.

Abincin gida

Abincin da ƙasar ke tinƙaho da shi shi ne cou-cou da kifi mai fiffike. Bahaushe ba zai yi baƙunta da cou-cou ba: garin masara ne ake tuƙawa a ruwan da aka dafa kuɓewa, da yankakkiyar kuɓewar a ciki, har ya yi kauri kamar tuwo. Suna da muciyarsu ta musamman mai faɗi da suke tuƙa shi da ita. Ana malmala shi, a zuba masa romon kifi da aka haɗa da albasa da tumatir da ganyen ƙamshi. A al'ada abincin ranar Juma'a ne, kuma asalinsa yana komawa ga tuwon da bayi suka zo da saninsa daga Afirka ta Yamma.

Kifi mai fiffike kuwa ƙaramin kifi ne da kan yi tsalle daga ruwa ya buɗe fukafukansa ya yi shawagi na tsawon mitoci da dama don tsere wa manyan kifaye. Hotonsa na jikin kwabon dala ɗaya na ƙasar. An fi kama shi daga Disamba zuwa Yuni. Darajarsa ta kai har Barbados ta yi jayayya da maƙwabciyarta Trinidad da Tobago a kan wuraren kamunsa, sai da kotun sulhu ta ƙasa da ƙasa ta shata musu iyakar ruwa a 2006. Tun daga 2011, lokacin da ciyawar teku mai suna sargassum ta fara mamaye gaɓar yankin, kamun ya ragu, farashi ya tashi. Guguwar Beryl ta ranar 1 ga Yuli, 2024 ta ƙara wa masunta ciwo, inda ta lalata jiragen kamun kifi sama da 200. Shi ya sa ba kullum ake samun wannan kifi ba.

Sauran abincin da baƙo zai yi ta karo da su sun haɗa da makaroni da ake gasawa da cuku a yanka shi gunduwa-gunduwa, da shinkafa da wake, da soyayyiyar agada, da wani ɗan itace babba mai suna breadfruit da ake gasawa ko a soya, ɗanɗanonsa tsakanin doya da dankalin turawa. Akwai fish cakes, wato ƙosan fulawa da aka kwaɓa da busasshen kifi mai gishiri. Akwai cutter, burodi mai ɗan gishiri da ake tsagawa a cusa masa soyayyen kifi ko cuku ko ƙwai, shi ne abincin mai sauri kuma mai rangwame. A watan Nuwamba, watan bikin 'yancin kai, ana yin conkies: garin masara da kwakwa da kabewa da dankali da sukari, a ƙunshe a ganyen ayaba a turara kamar alala.

Kowane tebur ba ya rasa kwalbar miyar yaji ruwan ɗorawa, wadda ake haɗawa da attaruhu da mastad da kurkum. Ta fi kama da abin wasa a ido, amma tana da zafi ƙwarai.

Daren Juma'a a Oistins

Wanda dare ɗaya kaɗai yake da shi a Barbados, to ya yi fatan daren Juma'a ne. Oistins garin masunta ne a gundumar Christ Church da ke kudancin tsibirin, ba nisa da filin jirgin sama na Grantley Adams. Garin yana da tarihi, domin a nan aka sa hannu a yarjejeniyar 1652 tsakanin Turawan da ke zaune a tsibirin da rundunar majalisar Ingila. Amma abin da ya fitar da sunansa a duniya shi ne kasuwar gasa kifi da ke ci kowace Juma'a da dare a filin da ke kusa da kasuwar kifin garin.

Rumfuna ne birjik, kowace da murhunta da dogayen tebura da benci a fili. Mutum zai zaɓi kifin da yake so, ya faɗi gasawa ko soyawa, ya zaɓi mahaɗi biyu ko uku, ya nemi wuri ya zauna. Babu ajiye kujera, babu teburin manya. Baƙo daga Landan da direban motar haya da tsohuwa da jikokinta duk benci ɗaya suke zama. Kifayen da aka fi samu su ne tuna da marlin da kingfish da snapper, sai wanda ake rubutawa dolphin. Wannan suna kan firgita baƙi, amma ba dabbar ruwan nan mai wasa da mutane ake nufi ba. Kifi ne mai farin tsoka da ake kira mahi-mahi a wasu ƙasashe.

Wanda ya isa tsakanin ƙarfe 6 da 7 zai samu wuri ba tare da dogon layi ba. Daga ƙarfe 8 wurin kan cika maƙil. A babban dandali ana sakin kiɗan soka da rege, matasa na baje kolin rawa. A wani gefen kuma dattawa ne ke rawar bibbiyu da tsofaffin waƙoƙi cikin natsuwa, ga masu wasan domino suna buga ƙwayoyinsu a tebur da ƙarfi kamar ana faɗa, alhali raha ce. Akwai kuma rumfunan kayan tsaraba. Ba a biyan kuɗin shiga, kuma ya fi kyau mutum ya riƙe tsabar kuɗi. Daren Asabar ma kasuwar na ci, sai dai ba ta kai ta Juma'a cika ba. A hutun Ista ake yin bikin kifi na shekara-shekara a garin, har da gasar zare ƙaya daga kifi mai fiffike.

Wanda ba ya son cunkoso yana da zaɓi. Ana irin wannan gashi a ƙauyukan masunta na arewa kamar Six Men's Bay da Moontown a ƙarshen mako, sai Martin's Bay a gaɓar gabas da ya yi suna da cin kifin ranar Alhamis da rana. A cikin Bridgetown kuwa titin Baxter's Road ne a da ake wa kirari da titin da ba ya barci, saboda mata masu soya kifi a kan wutar itace har asuba. Yanzu armashinsa ya ragu.

St Lawrence Gap da kewayen Bridgetown

Tsakanin Oistins da Bridgetown akwai wani titi da ya ɗan haura kilomita ɗaya a bakin teku, mai suna St Lawrence Gap. Nan ne gidajen abinci da mashaya da gidajen rawa suka fi taruwa a duk tsibirin. Ana samun abincin gida da na Italiya da na Indiya da na Meziko, a farashi matsakaici. Da farkon dare iyalai ne ke cin abinci. Bayan ƙarfe 10 sai wurin ya sauya kama, kiɗa ya ɗauka daga kowace ƙofa, masu gasa kaza da kifi a bakin titi su kunna wuta don masu fitowa daga rawa. Wanda ya kama ɗaki a wannan titi ya sani cewa barcin wuri zai yi masa wuya a ƙarshen mako.

A bakin Carlisle Bay, kusa da babban birni, gidan Harbour Lights kan shirya liyafar dare a kan rairayi tare da wasanni: masu tafiya a kan dogayen sanduna, masu wasa da wuta, da makaɗan gangunan ƙarfe da ake ƙerawa daga duro. Kuɗin shiga irin waɗannan wurare yakan haɗa da abinci da abin sha. Wanda yake son ɗanɗana abincin gida iri-iri a zama ɗaya kuwa, gidan Brown Sugar da ke wannan yanki ya daɗe da yin suna wajen jera tukwane kowa ya ɗiba da kansa.

A fannin abincin gaggawa, kamfanin gida mai suna Chefette, wanda aka kafa a 1972, shi ke da kasuwa, da soyayyar kazarsa da roti, wato wani laushin burodi na Indiyawa da ake naɗe nama da dankalin turawa a ciki. McDonald's ya taɓa buɗe reshe a tsibirin, amma bai kai shekara ba ya rufe.

Gaɓar yamma

Daga Bridgetown zuwa arewa, ta gundumomin St James da St Peter, ruwan teku a kwance yake, kuma nan attajirai ke sauka. A nan otal ɗin Sandy Lane yake, da gidajen abinci irin su The Cliff da The Tides da Lone Star, inda ake cin abinci ana jin igiyar ruwa a gindin tebur. Kuɗin cin mutum ɗaya a irin waɗannan wurare zai ciyar da mutane da dama a Oistins. Dole ne a ajiye tebur tun da wuri, musamman a lokacin cikar baƙi, kuma ana son shiga ta kamala. Kaftani ko doguwar riga mai tsabta sun wadatar. A garin Holetown, inda Turawa suka fara sauka, tituna biyu da ake kira First Street da Second Street su ne matattarar masu hirar dare na wannan ɓangare.

Shagunan giyar rake

Barbados na da'awar ita ce mahaifar giyar rake da ake kira ram, kuma kamfanin Mount Gay yana riƙe da takardar da ke nuna yana aiki tun 1703. Ƙananan shagunan sayar da ita sun haura dubu, kusan kowace unguwa da nata. Matsayinsu a wurin mutanen gari ya yi kama da na teburin mai shayi a wurinmu: nan ake taruwa a yi musu a kan siyasa da wasan kurket, a buga domino, a ji labarin gari. Irin wannan zaman hira suna ce masa liming. Da yawa daga cikin shagunan suna sayar da burodi da kayan masarufi da abincin rana mai sauƙin kuɗi. Doka ta hana sayar da barasa ga wanda bai kai shekara 18 ba.

Inda alade da barasa ke ɓuya

Ga wanda ba ya cin alade kuma ba ya shan barasa, wannan shi ne sashen da ya fi muhimmanci. Naman alade yana da farin jini a Barbados. Abincin da aka saba ci ranar Asabar, pudding and souse, naman alade ne da aka jiƙa a ruwan lemun tsami da kokwamba da attaruhu, tare da turararren dankali. Wannan a fili yake, gudunsa ba wuya.

Wanda ke ɓoye shi ne abin lura. Masu girki da yawa kan jefa gishirtaccen naman alade, musamman wutsiya, a tukunyar shinkafa da wake ko a miya don ƙarin ɗanɗano, ba kuma lallai a rubuta a takardar jerin abinci ba. Jug-jug, abincin Kirsimeti da ake yi da garin dawa da wake, shi ma da irin wannan nama ake haɗa shi. A rumfunan gashi kuma akan gasa kifi da kaza da alade a kan waya ɗaya. Tambaya ita ce magani, kuma mutanen tsibirin sun saba da ita, domin 'yan Rastafari da mabiya cocin Adventist ma ba sa cin alade. Wuraren abincin Rastafari, da ake kira ital, galibi ganye da hatsi da 'ya'yan itace suke dafawa.

Ta fuskar barasa, baƙin kek ɗin bukukuwa da ram ake jiƙa shi, haka wasu kayan zaƙi. Duk abin sha da aka ce masa punch a tambaya kafin a kai baki. Abin shan da suke kira sorrel kuwa zoɓo ne sak, da citta da kanumfari, an fi yin sa lokacin Kirsimeti, amma wasu kan tsiyaya masa ram. Mauby ba shi da barasa: ɓawon wani itace ake dafawa da kirfa da sukari, yana da zaƙi a farko da ɗaci a ƙarshe. Ruwan kwakwa ana sare shi a gaban mai saye a bakin titi. Ruwan famfo ma ana shan sa lafiya.

Akwai Musulmi 'yan dubbai a tsibirin, mafi yawansu 'yan asalin jihar Gujarat ta Indiya. Babban masallacinsu, Jama Masjid, yana titin Kensington New Road a Bridgetown, kuma nan ne wurin da ya fi dacewa a tambayi inda ake sayar da naman halal.

Bukukuwa

Babban bikin ƙasar shi ne Crop Over, wanda ya samo asali daga murnar kammala girbin rake tun zamanin bauta. Ya mutu a shekarun 1940, aka farfaɗo da shi a 1974. Ana shafe makonni ana gasar waƙoƙin kalifso da soka da casu dare da rana, a rufe da gagarumin jerin gwano mai suna Grand Kadooment a Litinin ta farko a watan Agusta. Mawaƙiya Rihanna, 'yar asalin tsibirin wadda aka ba lambar gwarzuwar ƙasa a 2021, ta sha halartar sa. Shigar mahalarta ta gashin tsuntsu ce da duwatsun ado wadda ba ta rufe jiki sosai, don haka mai tafiya da iyali ya san abin da zai tarar. A wannan lokaci ɗakunan kwana kan yi wuya, kuɗin jirgi ya tashi. Akwai kuma bikin abinci da ram, inda manyan kuku ke baje fasaharsu.

Doka da zirga-zirgar dare

Haramun ne farar hula ya sa tufafi ko ya riƙe jaka mai zanen kakin soja, ko da yaro ne, kuma ana iya ƙwacewa tun daga filin jirgi. Tun 2010 aka hana shan taba a wuraren taruwar jama'a, ciki har da gidajen abinci da mashaya. Duk bakin tekun ƙasar na kowa ne, babu otal ɗin da ya mallaki rairayi, amma ba a son shiga gari ko kanti da kayan iyo. Mutanen Barbados suna ba gaisuwa muhimmanci, wanda ya shiga shago ko mota bai yi gaisuwa ba ana ganin sa marar tarbiyya.

Motocin haya iri uku ne: shuɗayen bas na gwamnati, rawayen ƙananan bas, da fararen motoci masu lamba ZR. A 2019 aka mayar da kuɗin kowace tafiya dala 3.50 ta Barbados, komai nisa. Motar ZR mai lamba 11 ita ke bin hanyar Bridgetown zuwa St Lawrence Gap da Oistins. Idan dare ya yi nisa motocin kan yi ƙaranci, sai tasi. Tasi ba su da mita, don haka a yi ciniki kafin a shiga, a kuma fayyace wace dala ce. Ana tuƙi ta hannun hagu, abin da ya kamata ɗan Najeriya ya tuna ko da ƙetare titi zai yi.

Wuraren da baƙi ke taruwa galibi lafiya lau suke, amma hankali ya fi ƙarfi: kada a bi bakin teku ko lungu marar fitila da dare, kada a fita da fasfo da kuɗi masu yawa, kada kuma a kula masu tallar ƙwaya, domin hukuncinta mai tsanani ne. Lambar 'yan sanda ita ce 211, ta motar asibiti 511, ta 'yan kwana-kwana 311. Daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin guguwar teku ne, kuma da yake yawancin hirar dare a Barbados a fili ake yin ta, yana da kyau a duba hasashen yanayi kafin a fita.